Alƙali da Bashin Godiya

Akwai wata rana a aikina na rediyo da har yau nake jin kunyarta. Wani ɗan kasuwa ne yake ɗaukar nauyin shirina, shi ke biyan kuɗin talla duk wata. Sai ga ma'aikatansa sun kawo kuka cewa wata uku bai biya su albashi ba. Na gayyace shi, na rubuta tambayoyi bakwai. Da ya zauna gabana ya tambayi jikin mahaifiyata, sai na yi masa biyar na haɗiye biyu, kuma su ne masu zafin. Bai roƙe ni ba, bai ba ni ko sisi ba. Ni da kaina na ji nauyin ido.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne labarin wani ɗan takara a Amurka. A jihohi da yawa na can, alƙalan kotunan ɗaukaka ƙara ma zaɓensu ake yi. Lauya yakan fito ya buga hotuna, ya nemi kuɗin kamfe, ya roƙi ƙuri'a kamar mai neman kujerar majalisa.

A 2002 wata kotu a jihar West Virginia ta umarci kamfanin kwal na Massey ya biya wani ƙaramin mai haƙar kwal, Hugh Caperton, da kamfanoninsa diyyar dalar Amurka miliyan 50. Kowa ya san Massey zai ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun jihar, mai alƙalai biyar. Kafin a kai can, zaɓen 2004 ya zo. Wani lauya, Brent Benjamin, ya tsaya takarar kujera ɗaya, yana neman kayar da alƙali Warren McGraw. Shugaban Massey, Don Blankenship, ya kashe kimanin dala miliyan 3 don Benjamin ya ci, fiye da abin da dukan sauran magoya bayansa suka kashe a haɗe. Ya kuwa ci. Da shari'ar ta iso, Caperton ya yi ta roƙon Benjamin ya janye, ya ƙi. A 2007 kotun ta soke diyyar da ƙuri'a 3 da 2, Benjamin yana cikin ukun.

Babu wanda ya kawo hujjar cewa an yi ciniki. Benjamin ya ce ya binciki zuciyarsa bai ga son kai ba, kuma ni ban ga dalilin ƙaryata shi ba. Ai ni ma da an tare ni a ƙofar ɗakin shiri ranar nan, da na rantse na yi adalci.

Abin da ke damuna a nan shi ne, halin da ke iya karkatar da alƙali irin wannan hali ne na kirki. Cin hanci kowa ya san sunansa, mai ci ma ɓoyewa yake yi. Godiya kuwa da ita aka raine mu. A wurinmu kaɗan ne zagin da ya kai a ce da mutum butulu. Wanda ya tsaya maka ranar da kake nema, ana sa ran ka tuna. To ga wani aiki guda da ake so mai yin sa ya manta, ya dubi wanda ya kashe masa miliyan 3 kamar bai taɓa ganinsa ba. Muna neman mutumin kirki ya hau kujerar, sannan muna so ya yi abin da a ko'ina za a kira butulci. Kuma mafi kirkin mutum shi ne godiya ta fi yi wa nauyi. Watakila shi ya sa magabata suke gudun alƙalanci. An ruwaito cewa Imamu Abu Hanifa ya ƙi karɓarsa daga Halifa Mansur har aka ɗaure shi.

Wani zai ce a daina zaɓen kawai, a riƙa naɗawa. Amma Amurkawa ba don wauta suka soma ba. Jihar Mississippi ta fara zaɓen dukan alƙalanta a 1832, New York ta bi a 1846, kuma cikin dalilan akwai raba alƙali da ƴan siyasar da ke naɗa shi. Wanda gwamna ya naɗa, mutum ɗaya yake bin sa bashi, kuma ya san gidansa. Wanda aka zaɓa, bashin ya kamata ya watsu kan dubban mutane har ya yi sauƙi. Kuɗin Blankenship sake tattara shi suka yi a hannu ɗaya.

A Yunin 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, da ƙuri'a 5 da 4, cewa wajibi ne Benjamin ya janye. Mai shari'a Kennedy bai ce ya yi son kai ba. Ya ce yiwuwar hakan ta yi yawa. Babban alƙali Roberts ya ƙi yarda, ya jero tambayoyi 40: nawa ne kuɗin da suka yi yawa, kuma har yaushe bashin yake ƙarewa? Tambayoyinsa suna da ƙarfi, amma ina tare da Kennedy, don mutum ba ya zama shaidar zuciyarsa, kuma Caperton ba shi da hanyar leƙa cikinta. Iyakar abin da yake gani shi ne wanda ya biya da wanda ya zauna.

Gaskiya ta sa in faɗi ƙarshen. Da aka sake sauraron shari'ar ba tare da Benjamin ba, kotun jihar ta sake ba Massey nasara, 4 da 1. Wato mai yiwuwa hukuncinsa na farko daidai yake da doka. Wannan bai sauya mini ra'ayi ba, domin ɗan kasuwar nan nawa ma ya biya ma'aikatansa bayan sati biyu, kuma duk da haka ɗaya daga cikinsu, da muka haɗu a kasuwa, cewa ya yi da ni ya saurari shirin, ya kuma ji inda na tsaya.