Mun Ci Wainarsa, Mun San Shi Kuwa?

A Ingila akwai gasar gashin kek da burodi da BBC ta fara nunawa a 2010. Marubuta irin su Alexis Hall sun gina labaran soyayya a kan irin wannan fage, har da ta jinsi ɗaya. A nan kuwa malamai da al'ada da dokar 2014 sun ja layi. To, amma mu ma muna da namijin da ke bakin murhu: ɗan daudu.

Ina yaro a Kusada, in muka shiga Kankiya sai mun tsaya wurin wani ɗan daudu mai waina. Mu ci, mu suɗe hannu, mu juya muna kwaikwayon tafiyarsa. Ran da ya rasu, cewa muka yi, "An yi asarar waina!" Sai daga baya muka ji marayun ƙanwarsa yake ciyarwa.

Finafinanmu ma haka. Ka tuna Ibro Ɗan Daudu? Fari da ido, tafa hannu, a yi dariya, a tashi.

Ban ce a yabi halin kowa ba. Amma, jama'a, marubucin da ya ji ƙamshin waina, ya kasa ganin mutumin da hayaƙi ke ci wa ido, ya yi adalci?