Tawakkali da Takardar Inshora

Daga garin Taba zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba wata doguwar tafiya ba ce. Mai sammako zai isa kafin a fara kiran kati. Doguwar tafiyar tana somawa ne ranar da likita ya duba sakamakon gwaji ya ce ƙoda ta gaza, ko ciwon daji ya yi nisa. Daga nan sai sunayen garuruwa su fara yawo a zaure: wani ya ce Alƙahira, wani ya ce Delhi, mai ɗan hali ya ambaci Jamus. A ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara, inda arzikin gida yake tsaye a gonar rake da tumatir da barkono, wannan magana tana nufin a sayar da shanun huɗa, a jinginar da fadama, a kira ɗan da ke Kaduna da 'yar da ke aure a Kano.

Ana cikin haɗa fasfo da wasiƙar asibiti da shaidar banki sai wata takarda ta ɓullo wadda ba a yi lissafi da ita ba. Ƙasashen Turai na yankin Shengen ba sa ba da biza sai mai nema ya nuna inshorar lafiya ta tafiya da za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000. A nan ne dattijon da bai taɓa cin kuɗin ruwa ba yakan dakata, ya nufi malamin unguwa. "Allah gafarta Malam, wannan inshora ba caca ba ce? Kuma ina tawakkali, in mutum ya biya kuɗi tun ciwo bai zo ba?"

Tambaya ce ta mai tsoron Allah, kuma malamai sun daɗe da ita a gabansu. Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, yana cikin na farko da suka yi magana a kanta, lokacin da 'yan kasuwa ke biyan wani kuɗi don a lamunce musu kayan da suka ɗora wa jiragen ruwa, kuma bai ga halaccin karɓar diyyar ba a ƙasar Musulunci. A 1985 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta, saboda gararin da ke cikinta ya yi yawa: mutum yana biya bai san ko zai karɓa ba, bai san nawa ba, bai san yaushe ba. Wasu suka ƙara da cewa kamfanonin suna juya kuɗin a harkar ruwa. Amma ba a taru aka zama ɗaya ba. Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya, malamin da ba a raina iliminsa, ya tsaya har ƙarshen rayuwarsa a kan cewa abin da mai inshora yake saya shi ne kwanciyar hankali, kuma yana samunta tun ranar da ya biya.

Batun bizar kansa mai sauƙi ne. Majinyacin bai zaɓi takardar ba, sharaɗi aka gindaya masa, kuma malaman da suka haramta inshorar kasuwanci su ne dai suka ce wanda aka tilasta wa babu laifi a kansa. Masu zuwa umara daga Hunƙuyi da Likoro suna biyan irinta, domin tun 2020 Saudiyya ta haɗa inshorar lafiya cikin kuɗin bizar umara.

Abin da ya fi ciwo shi ne yawancin iyalai ba su san me suka saya ba. Inshorar tafiya an yi ta ne don abin da ya faɗo wa matafiyi ba zato: hatsarin mota, zazzaɓi mai tsanani, ko dawo da gawa gida in ta Allah ta kasance. Galibi ba ta biyan ciwon da mutum ya taho da shi daga gida, ballantana aikin da aka shirya tun kafin a tashi. Ke nan mai ciwon ƙoda ya riƙe takardar yuro 30,000 a cikin leda tare da hotunan ƙirji da na ciki, amma kuɗin dashen, da na masauki, da na wanda zai ba shi ƙodar, duk daga aljihunsa za su fito. In ya dawo lafiya kuma, akwai magungunan hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, waɗanda zai sha muddin rai. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin shekara guda, sai gonar da a da za ta kai mutum Indiya ta dawo da shi ta koma ba ta isa rabin hanya.

Shi tawakkali, ba a taɓa fahimtarsa a matsayin naɗe hannu ba. Tirmizi ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa komawar ma cikin ƙaddara take. Abu Dawuda ya kawo cewa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo, an tura shi wajen Harisu ɗan Kalada, likitan Banu Saƙifa, wanda masu tarihi ke cewa a ƙasar Farisa ya koyo aikinsa. Neman magani a wajen wanda ya iya, ko a ina yake, tsohon abu ne a Musulunci.

Akwai wani hadisin na Sa'adu da ya fi dacewa da zauren Taba. Da ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, an tsayar da shi a kan sulusi, aka nuna masa cewa barin magada da wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Wanda ya sayar da fadamar gado don jinya ba shi da laifi, rai ya fi gona. Sai dai al'ummar da ta bar kowane gida ya fuskanci wannan zaɓi shi kaɗai, ita ce ya kamata ta tsaya ta tambayi kanta. Yanzu abin da ake yi shi ne a jira sai ciwo ya kwantar da mutum, sannan bayan sallar Juma'a wani ya miƙe riƙe da takardar asibiti ya ce ga wani bawan Allah yana neman taimako, a shimfiɗa rawani ko a zagaya da kwali. Ana bayarwa, kuma Allah Ya saka wa masu bayarwa. Amma abin da ake tarawa ya danganta da sanin da aka yi wa majinyacin. Mai 'yan'uwa a Abuja hotonsa zai zagaya WhatsApp cikin dare ɗaya. Bazawarar da ke ƙarshen gari ba ta da mai miƙe mata.

Abin mamaki, mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zazzau ita ce ta buɗe ƙofar mafita. Imamu Ƙarafi ya bayyana cewa a wajen Malik garari yana ɓata ciniki, amma ba ya ɓata kyauta, domin mai kyauta ba riba yake jira ba. A kan wannan aka gina takaful: jama'a su zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon duk wanda masifa ta faɗa wa cikinsu, masu kula da asusun su karɓi ladan aikinsu, rarar kuma ta zama ta masu zubi. Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Annabi ya yi wa Ash'ariyyawa, waɗanda in abinci ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage su raba daidai. Manomin da ya san gayya ba ya buƙatar dogon bayani. Kamfanin takaful na farko an kafa shi a Sudan a 1979. A Najeriya hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, aka ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi a 2016. Jihar Kaduna tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KADCHMA, kuma dokar tarayya ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ko da yake har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyata yake fitowa.

Nauyin bai tsaya kan talaka ba. Samar da likitoci da asibiti farali ne na kifaya, kuma masu riƙe da baitulmali ne kan gaba a ɗaukarsa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi watanni uku yana jinya a Jidda daga Nuwamban 2009. Marigayi Muhammadu Buhari ya shafe sama da kwana 100 a Landan a tafiya ɗaya a 2017, a can kuma ya rasu a Yulin 2025. Ba a zargin mara lafiya don ya nemi lafiya. Amma a Abuja aka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya tun 2001, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba. Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, wato hannun da zai yi aikin yana nan gida. Kayan aiki da kuɗi da riƙe likitocin ne suke gagara.

Asusun da manoman Taba za su iya tarawa da kaka, bayan an kai rake kasuwar Makarfi, ba zai biya dashen ƙoda a Delhi ba, kuma bai kamata a yaudari kowa da hakan ba. Abin da zai iya shi ne ya biya wa membobinsa rajistar shekara, ya riƙe kuɗin mota zuwa Shika, ya sa a riƙa auna hawan jini da sukari a asibitin unguwa. Waɗannan cututtuka biyu su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, kuma suna yin shekaru suna ɓarna kafin ƙafa ta fara kumbura.