Laifin Ciyawa Ne, Ko Na Wanda Ya Kawo Ta?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, na ga ya kamata in baje ta a wannan mujalla tamu don malamai da 'yan'uwana ɗalibai su taya ni dubawa. Shin abu yakan zama mugu ne tun daga halittarsa, ko kuwa wurin da ya sami kansa ne ke mayar da shi mugu? In kuwa wurin ne, wa za a kama da laifi, kuma wa ya ba mu izinin yanke hukunci? Na gamu da wannan tambaya ne a bakin aikin cire ciyawa, a wani gandun daji na ƙasar Amurka inda na yi aikin sa kai, watau aikin da ba a biyan mutum ko anini.

Gandun yana jihar Arizona, kashi biyu ne, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, birnin Tuson yana tsakaninsu. An fara keɓe wurin a 1933, aka ɗaga shi ya zama babban gandun ƙasa a 1994, duk saboda wani itace guda ɗaya da ake kira sawaro. Mai karatu ya ɗauki ƙerana a ransa, ya ba ta tsawon giginya, ya sa mata hannuwa a ɗage sama kamar na mai roƙon ruwa, to ya kusa ganin sawaro. Ba shi da ganye, jikinsa duk ƙaya, cikinsa kuwa tulun ruwa ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jinkirin girmansa. A shekara 8 na farko da ƙyar yakan kai tsawon gaɓar ɗan yatsa, yana ɓoye a gindin wata bishiya da ke yi masa inuwa. Sai ya kai wajen shekara 35 yake fara fure, hannuwa kuwa sai ya wuce 50. Yakan rayu shekara 150, wani har 200. Watau wanda ka tsaya a gabansa kana ɗaga kai, mai yiwuwa ne ya riga kakan kakanka zuwa duniya.

Ƙasar hamada ce, ruwan da ake samu a shekara bai kai rabin na Kano ba, amma ba irin hamadar rairayi ba ce da muke ji a Tenere. Duwatsu ne da tsakuwa da itatuwan ƙaya. In ka bi turba da sassafe kafin rana ta buɗe, za ka ga wurin cike yake da masu rai. Maƙwaƙwafi yakan fafe jikin sawaro ya yi sheƙa, in ya tashi wata 'yar mujiya da ba ta fi gwara girma ba ta gaji ɗakin. Jemage da kurciya su sha furensa, dila irin nasu da wata dabba mai kama da gadu su ci 'ya'yan da suka faɗo. Akwai maciji mai caki a wutsiya, wanda ke yi maka gargaɗi kafin ya sara, halin da ba kowane ɗan Adam ke da shi ba. Akwai kuma wani ƙadangare mai dafi, mai jiki kamar an jera masa duwatsun ado. Mutanen asalin ƙasar, Tohono O'odam, suna kaɗo 'ya'yan sawaro da dogayen sanduna gab da faɗuwar damina, kuma a al'adarsu ba sa ɗaukarsa itace kawai, ɗan'uwa suke ɗaukarsa.

To, abokin gaban wannan itace ciyawa ce, kuma daga wajenmu ta je. Turawa suna kiranta bafal. Asalinta Afirka ne da wasu sassa na Asiya, masana tsirrai kuma sun sa ta a dangi ɗaya da ƙarangiya. A shekarun 1930 hukumomin aikin gona na Amurka suka kai ta Arizona don ta riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye, kuma shanu su sami abinci. Ta yi duk abin da aka kawo ta ta yi, har ta zarce. Tana jure fari, tana tohowa da ɗan yayyafi, iska tana ɗaukar irinta. Sai ta cike filin da ke tsakanin itatuwa. Wannan fili kuwa shi ne garkuwar hamadar, domin a da ko tsawa ta faɗi ta kunna wuta, wutar ba ta samun abin da za ta bi, sai ta mutu nan take. Yanzu ciyawa ta shimfiɗa mata hanya. Gobararta takan wuce digiri 700 a ma'aunin santigiret, ta dafa sawaro a tsaye, ita kuwa ciyawar, da ta saba da gobarar dajin Afirka, ruwan farko yana sauka sai ta toho fiye da da. A 2005 jihar Arizona ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi. A daren 4 ga Yuli 2017, wasan wuta na bikin 'yancin kai ya kunna ta a kan wani dutse da ke cikin birnin Tuson, sawaro masu yawa suka ƙone.

Aikinmu ke nan: a hau dutse da diga da dagi da safar hannu, a tumɓuke ta har saiwa, domin in ka bar gindin ka yi aikin banza. Maganin feshi ba ya kama ta sai tana ɗanya, kwanakin ɗanyantakarta kuwa kaɗan ne. Abokan aikina yawancinsu tsofaffi ne da suka yi ritaya, sai ɗalibai. Da yawa a cikinsu suna maganar ciyawar nan da irin muryar da ake maganar ɓarawo. Ni kuwa in na ɗaga damin da na cire, abin da nake gani shi ne harawa. Na san makiyayin da zai yi tafiyar yini a watan bazara don ya sami rabin wannan, na san yadda ake sayen buhun ciyawa a birane gab da babbar salla. Abincin wani gubar wani, in ji masu iya magana.

Amsa ta farko mai sauƙi ce, kuma ina ganin gaskiya ce: ciyawa ba ta da laifi. Laifi yana bukatar niyya da zaɓi, ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Ba ta nemi fasfo ba, a jirgi aka ɗauko ta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wanda ya ja ruwan ya daɗe a kabari, sawaro ake doka. Kuma shi ma wanda ya kawo ta ba mugu ba ne. A waɗannan shekaru ƙasar ta sha fari da zaizaya, kiwo ya cinye ciyawar asali, mutanen suna neman gyara ne.

Wannan ya tuna mini da gargaɗin da ake yi wa duk sabon ɗan sa kai game da kunkurun hamada. In ka gan shi a turba, kada tausayi ya sa ka ɗauke shi. Yana ajiye ruwa ne a mafitsararsa, in ya firgita sai ya sake shi duka, ruwan da zai kai shi damina ta gaba. Ka ajiye shi a inuwa kana jin ka yi alheri, alhali ka bar shi da ƙishirwar da za ta iya kashe shi. Muna yawan fakewa da cewa niyyarmu mai kyau ce, kuma haƙiƙa niyya tana da matsayinta wajen Ubangiji. Amma kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mutum nauyin neman sani kafin ya sa hannu, ba ta kuma ɗauke wa magadansa nauyin gyaran abin da ya ɓata. Wanda ya gaji gona ya gaji bashin da ke kanta.

Amsa ta biyu ita ce wadda na fi jin tsoro, domin ta fi daɗin faɗa: wai ciyawar muguwa ce don baƙuwa ce. Yawo kaɗan a cikin birnin Tuson ya isa ya rushe wannan. A kudu da birnin akwai wani farin coci mai suna San Zabiya, wanda aka gina tsakanin 1783 da 1797, matafiya suna tururuwa zuwa kallonsa. Limaman Kirista da suka shigo ƙasar ƙarƙashin sarautar Sifen su suka kawo alkama da shanu. Yau waina ta alkama, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, ita ce abin alfaharin garin, tana cikin abincin da ya sa UNESCO ta karrama birnin a 2015. Ruwan da mutanen birnin ke sha ma baƙo ne, ta wata doguwar magudana mai tsawon mil 336 ake jawo shi daga kogin Kolorado. Ba wanda ya ɗauki diga ya ce zai tumɓuke alkama.

Mu dawo gida mu duba tukunyarmu. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono, duk daga nahiyar Amurka suka zo. Dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita, da irin baƙo aka gina ta. Dogon yaro daga Indiya yake, amma wane gari ne a ƙasar Hausa da ba a zaman hira a inuwarsa? A ɗaya gefen kuma ga kacala. 'Yar gida ce, tun tuni tana bakin fadamu ba ta dami kowa ba. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canja, ya daina ja da baya da rani kamar da, sai kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ta hana manomi da masunci sakat, ta zama maɓoyar jan baki mai cinye hatsi. Sai kuma abin dariya mai ban takaici. Wata bishiyar ƙaya ta Amurka, dangin ɗaya daga cikin bishiyoyin da ke yi wa ɗan sawaro inuwa, an kawo ta Sahel don tare rairayi, ta mamaye gaɓar tafkin Chadi ta gefen Nijar. Mun ba su ciyawa, sun ba mu ƙaya, kowa yana kuka da kyautar ɗan'uwansa.

Ashe ke nan baƙunci ba shi ne ma'auni ba. Abin da na gani da idona a kan dutsen nan shi ne, inda sawaro yake ana samun mujiya da jemage da kunkuru da ɗaruruwan tsirrai, inda ciyawar ta yi ƙarfi kuwa ita kaɗai ake samu. Ma'aunin da na yarda da shi ke nan: shin abin yana barin wuri ga waninsa? A gida wannan ciyawa tana bari, domin akwai dabbobin da ke cinta da ciyayin da ke gogayya da ita tun fil'azal. A can ba ta tarar da mai taka mata burki ba.

Dole in tsaya a nan in yi wani gargaɗi, don na san yadda misali yake zamewa daga hannun mai shi. Tuson ba ta da nisa da iyakar Meziko, kuma kalmomin da ake faɗa a kan ciyawa, mamaya da cin wuri da tumɓukewa, su ne ake ji a bakin 'yan siyasa a kan mutane. Mu ma mun san wannan yare. A 1969 Gana ta kori baƙi, Hausawa da yawa suka bar gidaje da shagunan da suka gina a zango. A 1983 Nijeriya ta rama, mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita da kayansu a ka. Ciyawa ba a zama da ita a yi shawara, ba ta jin doka, ba ta canja hali, shi ya sa diga ce kaɗai maganinta. Mutum yana yin duk waɗannan, saboda haka duk wanda ya ɗauko hukuncin ciyawa ya ɗora wa ɗan Adam ya yi zalunci, ko da misalinsa ya yi daɗin ji.

Saura tambayar izini. Wani abokina ya ce mini a bar kaza cikin gashinta mana, ai duniya tana canjawa, in ciyawa ta fi ƙarfi to rabonta ne. Da iska ce ta kai ta can, da sai in saurare shi. Amma hannun mutum ne ya karkata ma'aunin, janye hannu yanzu kuwa goyon bayan mai ƙarfi ne a kan itacen da ke bukatar shekara 35 kafin ya yi furen farko. Don haka na ci gaba da cirewa, ba tare da na ji ƙiyayyar abin da nake cirewa ba, kamar yadda mahauci ke yanka da bismilla.

Abin da ya rage mini da wuya shi ne makiyayin jihar Sonora, a ƙetaren iyaka cikin Meziko. Shi da gangan yake share daji ya shuka wannan ciyawa, domin da ita shanunsa ke kai wa damina, da shanun kuma yake ciyar da 'ya'yansa. Ba zan iya tsayawa a gabansa da safar hannuna ta ɗan sa kai in ce masa ya fifita mujiya a kan iyalinsa ba. Wanda ke son ya daina sai ya zo masa da abin da shanu za su ci. Kafin nan kuwa yana shukawa a kudu ana cirewa a arewa, irin da ya riga ya zuba kuma yakan yi shekaru a ƙasa yana jiran ruwa, shi ya sa ma'aikatan gandun ke sa alama a taswira a duk inda aka cire, don wasu su koma wurin baɗi.