Abokin Yarinta a Baƙuwar Ƙasa: Da Wa Aka Sadu?

Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Babba yakan bar gida da shawararsa, amma yaro ɗaukarsa ake yi tare da kaya, ba a tambayarsa ko ya gama sallama da abokan wasansa. A wannan ɗan rubutu muna so mu dubi abin da ke faruwa idan irin wannan yaro ya yi kiciɓis da tsohon abokinsa a wata ƙasa, mu kuma tambayi kanmu: shin da abokinsa ya sadu, ko kuwa da garinsu?

Mu ƙaddara wani malami ne ya tashi daga Lafia da iyalinsa, ya tafi Khartum neman ƙarin ilimi, kamar yadda 'yan Nijeriya da yawa suka riƙa yi kafin yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023. Ɗansa yana da shekara 8. Yaron ya yi shekara biyu yana fama da Larabcin kasuwa da abincin da bai saba da shi ba. Ranar Salla, a filin idi, sai ya ji an kira shi da sunan tsokanar da babu wanda ya san shi da shi sai yaran unguwarsu. Yana waigawa ya ga abokinsa, wanda suka yi karatun allo tare, suka yi langa, suka jefi mangwaro a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Lafia. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci ya san irin farin cikin da zai rufe yaron nan.

To, amma farin cikin mene ne? Aristotal, masanin falsafar nan na Girka, ya kasa abota gida uku: ta amfani, da ta jin daɗi, da ta kyawun hali. A ganinsa, abotar matasa galibi ta jin daɗi ce, shi ya sa take saurin ƙulluwa, take saurin kwancewa. Ya kuma lura cewa nisa ba ya kashe abota nan take, aikinta kawai yake tsayarwa, sai dai idan rabuwa ta yi tsawo, mantuwa takan shigo. Wannan kuwa bai yi nisa da zancen Bahaushe ba, cewa zumunci a ƙafa yake. Idan muka bi wannan ma'auni, za mu ce murnar yaron ta farko murnar gida ce. A fuskar abokinsa ya ga zauren malaminsu, ya ji ƙamshin doyar da ake gasawa a bakin titi, ya ji harshen da aka yi masa tatsuniya da shi. Ko wani yaron Lafia daban ya gani, da zai yi kusan irin wannan murna.

Jarrabawar abota tana zuwa ne bayan an gama rungumar juna. Shekara biyu a rayuwar yaro ba kaɗan ba ce. Mai yiwuwa abokin ya riga shi ƙwarewa a Larabci, Hausarsa ta fara rauni, ya yi sababbin abokai da sababbin wasanni. Mai yiwuwa kuma mahaifin ɗaya yana cikin wadata, na ɗayan yana lallaɓa rayuwa a ɗakin haya. Idan gida kawai yaron yake nema, zai ji kamar an yaudare shi, domin abokin ba ya nan yadda ya bar shi. Idan kuwa ya haƙura ya koyi sabon wasan, ya gyara wa abokinsa kalmar da ta kuɓuce masa ba tare da dariya ba, to a ranar ce abotarsu ta tashi daga ta jin daɗi ta kama hanyar ta kyawun hali. Wato abokin gaskiya shi ne wanda muka karɓa yadda yake yau, tare da abin da tafiya ta ƙara masa da abin da ta rage masa.

Tarihinmu ma ya san wannan darasi. Ita kanta Lafia baƙi ne suka kafa ta: Muhammadu Dunama da jama'arsa, 'yan asalin Barno, a ƙarshen ƙarni na 18, har ake kiranta Lafiyar Barebari. Haka kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar kogin Nilu. A cikin ayari irin wannan akwai yara da suka rabu a hanya, wasu suka sake haɗuwa bayan shekaru, kowa ya sauya. Da kowannensu ya dage sai ya sami abokinsa yadda ya bar shi, da ba a gina gari ba.

Daga ƙarshe, nauyin yana kanmu, mu manya. Mu ne muke raba yara, mu ne kuma sau da yawa muke ɓata haɗuwarsu, ta hanyar tambayar matsayin mahaifin abokin kafin mu bar shi ya shigo gida. Idan muka fita da yara waje, wajibi ne mu riƙe musu harshen da suka ƙulla abota da shi, mu kuma taka da ƙafarmu mu kai su gidan abokansu, mai wadata ne ko maras shi. Yaron da ya ga iyayensa sun girmama abokinsa na allo a baƙuwar ƙasa, ya koyi riƙon amana tun kafin ya san sunanta.