Tafkin Chadi da Kwanakin Ɗan Adam

Yaron da aka haifa a Baga ko Ngigmi a 1963 ya buɗe ido ne a gaɓar ruwa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000. Kafin ya cika shekara ashirin da biyar, farin 1973 da na 1984 sun janye ruwan har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. A Ngigmi, inda a da ake ɗaure kwalekwale a bakin gari, sai da ta kai mutum ya yi doguwar tafiya kafin ya jiƙa ƙafa. Waɗanda suka ga haka da idonsu suna nan da rai, furfura kawai ta kama su.

Ina yawan tuna wannan tafki idan na ji mutum yana lissafin shekarunsa na gaba kamar an damƙa masa su a hannu. Kogunan Shari da Logon ne ke ɗauke da yawancin ruwansa, Komadugu Yobe na ƙara nata daga Haɗeja da Jama'are. A kansa Buduma ke kiwon shanun kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Daga nan bandar kifi da kanwa ke isa kasuwannin Kano. Abin da ya ciyar da al'umma haka, Allah Ya rage shi cikin ƙuruciyar mutum guda. Ruwan ma yakan dawo a shekarun damina mai albarka. Kwanan da ya wuce wa ɗan Adam kuwa ya wuce ke nan.

Masu mulki ma tafkin ya ga shigewarsu. Birnin Gazargamu, inda Mai Idris Aloma ya yi sarauta, yau kufai ne. Shehu Laminu ya kafa Kukawa a 1814, Rabe ya rusa ta a 1893, shi kuma aka kashe shi a Kusuri a 1900. Shekara bakwai kacal.

Amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne alhazan ƙafa na zamanin da, da ke ratsa ƙasar tafkin su nufi gabas. Mutum ba ya barin Kano ko Katsina sai ya biya bashi, ya mayar da ajiya, ya bar wasiyya, ya bi dangi da maƙwabta gida-gida yana cewa a yafe masa. Ya san tafiyar za ta ci shekaru, wani zai dawo, wani zai zauna a Sudan, wani kuma a hanya za a yi masa sutura. Mu da muke kwana a ɗakunanmu ba mu fi su tabbacin wayewar gari ba, amma sai ka ga wa da ƙani sun shekara ba sa ga-maciji a kan gonar gado, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sallama. Don Allah, wanda ke riƙe da haƙƙin wani ya sauke shi tun yau.

A watan Janairun 2015 mutanen Baga sun kwanta da shirin kasuwa da na kamun kifi, sai Boko Haram ta afka wa garin. An kashe mutane da yawa, wasu suka faɗa ruwa suna neman tsibiran ɓangaren Chadi, kuma ba duka suka kai ba. Allah Ya jiƙansu da rahama.