Kuɗin karatun jami'a: kyauta ne ko bashi?

Wani dare, bayan an tashi daga karatun yaƙi da jahilci a wani ƙauye na wajen Matankari, gardama ta kaure. Wani magidanci ne ya kawo labari cike da murna. Ɗansa ya ci jarrabawar BAC, ya tafi jami'a a Yamai, kuma an sa sunansa cikin waɗanda za a riƙa ba kuɗin karatu, wanda ƴan makaranta ke kira burs. Ya ce: "Gwamnati ta yi mana kyauta."

Wani tsoho da ke naɗe tabarmarsa ya ɗaga kai ya ce: "Ɗana, ina gonar gwamnati take? Ni ban taɓa ganinta da hauya ba."

Aka yi dariya. Amma ƴan'uwa, tambayar tsohon nan ba ta wasa ba ce.

Gwamnati ba ta noma, ba ta kiwo. Kuɗin da ke hannunta na jama'a ne: kuɗin duwan, da lanho, da abin da ake samu daga ma'adinan ƙasa kamar uraniyom na Arlit da man fetur na Agadem. In ka sayi sukari, ko sabulu, ko man babur, akwai kason baitulmali a ciki. Ashe matar da ke sayar da wake a kasuwar Kore Mairuwa, wadda ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba, tana da hannu cikin abincin ɗalibin da ke Yamai. Ita ba ta san shi ba, shi ma bai san ta ba.

An buɗe makarantar ilimi mai zurfi ta Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973. Kafin nan sai dai a tura yaranmu Dakar, ko Abijan, ko Faransa. Lokacin ɗalibai kaɗan ne, ƙasa kuwa tana ƙishin likitoci da malamai, wanda ya gama duk aiki na jiransa. Da kuɗin uraniyom ya faɗi cikin shekarun 1980, Bankin Duniya ya matsa a rage abin da ake kashewa kan ɗaliban jami'a. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka mutu. Kun ga maganar kuɗin karatu ta taɓa cin rayuka a ƙasar nan. Daga baya jami'o'i suka ƙaru: Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010, sannan Dosso, Agadas, Difa da Tilaberi a 2014. Ɗalibai sun yi yawa, burs ba ya isar kowa, kuma sau da yawa yakan makara.

Shi ya sa wasu ke cewa a mai da shi bashi. Maƙwabtanmu na Najeriya sun kama wannan hanya a 2024, da wata hukuma mai suna NELFUND. Ana ba ɗalibi rance ba ruwa. Sai ya yi shekara 2 da gama bautar ƙasa sannan ya fara biya, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa. Masu goyon baya sun ce wannan kamar bashin iri ne: ka shuka, ka girbe, ka mayar, wani ma ya samu. Maganarsu da ƙamshin gaskiya.

Sai dai mu manoma mun san bashi. Mun san yadda ake cin mudu ɗaya da damina a biya biyu da kaka. Ɗan mai hali ba ya bukatar rance, ubansa zai biya. Ɗan talaka ne kawai zai fito makaranta da kaya a kansa, alhali aiki ba tabbas. In kuwa ƴa mace ce, uba nawa ne cikinmu zai yarda ta ci bashi don karatu? Zai ce ta zauna a yi mata aure.

To ko kyautar ce ta fi? Ita ma da aibinta, kuma a nan ne hankalina ya fi tashi. Wane ne ke kaiwa ga BAC? Yaron Sukukutan ko na Dogon Kiriya da ba kwaleji kusa da ƙauyensu sai ya bar gida, ya nemi mai masauki, wata rana ya kwana da yunwa. Da yawa nan suke tsayawa, ƴan mata su ne kan gaba wajen dawowa. Ɗan ma'aikaci na birni yana da fitila, da littafi, da mai duba masa karatu. Don haka kuɗin jama'a masu yawa yakan tafi ga ƴan kaɗan, waɗanda dama sun fi ƙarfi. Abin da ya fi ciwo, sai yaron ya zama likita, a tura shi ƙauye ya ƙi zuwa, ko ya tsallaka ƙasar waje. Matar nan mai wake kuwa, ranar da naƙuda ta yi mata gardama, amalanke za a ɗora ta a yi ta neman wanda zai duba ta.

Ni a ganina Fulanin da muke zaune da su cikin Dallol Mawri sun riga mu gane bakin zaren. Suna da al'adar habbanaye. Mai shanu ya ba wanda ba shi da su karsana. Shi kuma ya yi kiwonta, ya sha nono, in ta haihu ya riƙe ƴaƴan, ya mayar da uwar. Ba takarda, ba ruwa, ba alƙali, amma wanda ya ƙi mayarwa ba ya sake ɗaga kai cikin mutane. Haka burs ya kamata ya zama. Ilimin na ɗalibi ne, shi ne maraƙinsa, ba mai ƙwace masa. Abin da zai mayar shi ne ƴan shekaru na aiki wurin waɗanda suka ciyar da shi. Dama akwai aikin bautar ƙasa ga waɗanda suka gama jami'a, sai dai da yawa suna neman a bar su cikin ofisoshin Yamai, ba Gesheme ko Dumega ba.

Nauyin ba kan ɗalibi kaɗai yake ba. Hukuma ta fara duba ɗan wanda ba shi da hali, ta kuma biya kan lokaci, don ba a karatu da cikin wofi. Mu ma iyaye da namu laifin. Wani uban da ya ji burs ya fito sai ya aika a ba shi kuɗin taki ko na suna, yaro ya rasa na littafi.

Da magidancin nan ya ji duk wannan sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce: "Baba, to me zan gaya wa yaron?"

Tsohon ya ce: "Me yake karantawa?"

"Aikin gona."

"Madalla. In ya zo hutu, kada ya zauna gindin bedi da waya a hannu. Ka turo mini shi, ya zo ya ga tsutsar da ke cin zangarniyar hatsina shekara uku ke nan."

Ya saɓa tabarmarsa, ya ɗauki littafinsa da fensir, ya yi gida.