Ɓarnar Da Kowa Ya Ce Ba Shi Ya Yi Ba

Jama'a, in ɓarna ta auku ta hannun mutum dubu, alhali kuwa ba ko ɗayansu da ya nufi sharri, to, a wuyan wa alhakin yake? Labarin wani tsibiri a ƙasar Tailan zai taimake mu auna wannan tambaya.

Tsibirin Fi Fi Le yana cikin tekun Andaman, a wani gandu da gwamnatin ƙasar ta keɓe domin kiyaye halittun ruwa da na tudu. A jikinsa akwai wani lungun teku da ake kira Maya, manyan duwatsu sun kewaye shi ta fuska uku, rairayinsa fari fat, ruwansa garau har ana hangen ƙasa. A da ba kasafai baƙi ke isa wurin ba. A shekarar 2000 aka fito da wani fim mai suna The Beach wanda aka ɗauka a can, tun daga nan fa duniya ta yo ca a kansa, har ya zama a rana guda mutum wajen 5,000 ke sauka, cikin jiragen ruwa kusan 200.

To, a ƙarƙashin wannan ruwa akwai murjani, wanda halitta ce mai rai, mai jinkirin girma ƙwarai, kuma a cikinsa ƙananan kifaye ke fakewa. Ƙugiyoyin jirage suka kakkarya shi, ƙafafun masu iyo suka tattake shi, kifaye suka watse. Idan dambu ya yi yawa, ba ya jin mai. A watan Yuni na 2018 hukuma ta rufe wurin da niyyar wata huɗu, amma ba a sake buɗe shi ba sai Janairun 2022. Da ƙafa ta ɗauke, sai ga kifayen shak sun komo suna haihuwa a lungun.

Kowane baƙo yana da uzurinsa, watau shi mutum ɗaya ne, sa'a guda kawai ya yi, ya kuwa zo ne don ƙaunar wurin. Gaskiya ya faɗa, amma da yayyafi kogi kan cika. Alhaki ba ya ɓacewa don an raba shi gida dubu, kowa yana ɗauke da rabonsa komai ƙanƙantarsa. Kyakkyawar niyya kuwa ba ta ɗora murjanin da ya karye.

Sai dai a yi adalci. Rufewar ta taɓa abincin masu jirage da iyalansu, ta kuma hana wanda ya daɗe yana tara guzuri ganin abin da na gabansa suka gani. Hakkinsu na gaske ne. Amma akwai waɗansu masu hakki da ba su da bakin magana, su ne halittun da wurin yake gidansu, da jikokin da ba a haifa ba tukuna. In da an bar abin yadda yake, masu jiragen ma da sun wayi gari ba abin da za su kai baƙo ya gani. Saboda haka da aka buɗe, aka hana jirage shiga lungun, aka hana iyo, aka ƙayyade yawan masu sauka. Kowa ya rage kaɗan daga nasa domin abin ya ɗore.

Lalle matafiyi baƙo ne, baƙon kirki kuwa yakan bar masauki yadda ya same shi. Kafin ka jefa ƙugiya, ko ka taka murjani, ko ka tsinci wani abu ka sa aljihu a inda ba mai ganinka, ka tambayi kanka: in duk wanda ya zo ya yi yadda na yi, me zai saura? In amsar ba ta yi maka daɗi ba, to, ka san rabonka na alhakin tun kafin ka ɗauka.

Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.